Hawayen Bushiya

Ina tsaye a gaban tela, hannuwana a buɗe kamar mai shirin tashi sama, tana zagaye ƙuguna da tef, sai wayata ta fara rawa a cikin jaka. Ta yi shiru, ta sake farawa.

"Kada ki motsa," in ji telar, allura a bakinta. "Kin rame tun awon farko. Me kike ci ne, iska?"

Yaya, babbar yayata da ta rako ni, ta ce, "Soyayya take ci. Ki ɗan rage mata hannun, ya yi mata burum-burum."

Rigar doguwa ce mai ruwan zuma, da ƙananan duwatsu a wuya. Ita zan saka ranar Asabar, ranar da dangin Manaja za su zo su gana da iyayena a tsayar da maganarmu. Na saci hannu ɗaya na zaro wayar. Saƙon Shiru ne, abokiyar aikina, wadda ba ta rubuta kalma uku idan biyu za su isa.

"An sauke Bushiya daga kanti. Ki zo yanzu."

Wallahi ban ji zafin allurar da ta soke ni ba sai da na ga jini a yatsana.

Masu karatu, waɗanda suka daɗe tare da ni sun san Bushiya. Wanda yau ya shigo, bari in gabatar masa da ita. Ƙaramin wasa ne na waya, na yara. 'Yar bushiya ce mai jar hula, tana tsallake ramuka tana tsintar haruffa, idan ta haɗa kalma sai ta yi juyi ta tafa. Ni na zana ta. Tun ina makaranta nake zana ta a gefen takarda har malamai suka gaji da ni. Shiru kuma ita ta rubuta duk lambobin da ke sa ta tafiya da tsalle. Kantin da take nufi shi ne kantin nan na cikin waya inda kowa ke sauko da wasanni. Asusunmu na can da sunana aka buɗe shi, da katin shaidata, da lambar wayata.

Manaja kuwa kamfanin dillancin talla yake da shi, irin masu saka talla a cikin wasanni. A wani taron masu ƙirƙirar wasanni ya gan mu, ya tsaya a teburinmu ya buga Bushiya har ya manta da shayinsa. Shi ya ɗauke mana hayar rumbun intanet da ake ajiye matakin kowane yaro. Sharaɗina a lokacin ɗaya ne: tallan fensir da littafi da sabulu, a ƙarshen mataki kawai, kuma ba a sayar wa yaro komai. Ya dafa ƙirji ya ce, "An gama, Gimbiya." Na ba kamfaninsa ƙaramin makulli na sabunta talla, babban makullin yana hannuna. Daga nan ne kuma zance ya bar wasa ya koma wani abu, har ya san ƙofar gidanmu.

Na tuɓe rigar na bar Yaya tana kirana, na fita ko mayafina ban daidaita ba.

Wurin aikinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran waya. Tebur biyu, fanka mai kukan tsufa, bango cike da zanen Bushiya. Na tarar da Shiru zaune, gilashinta a goshi, idanunta sun yi ja. Ba ta amsa sallamata ba, ta juyo min da laftof.

Bidiyo ne. Wata uwa ta ɗauki 'yarta, yarinya ƙarama da kitso biyu, tana riƙe da waya tana kuka har da shessheka. A fuskar wayar Bushiya ta faɗa rami. A wasan da na sani, idan ta faɗi, tashi take ta kakkaɓe hularta ta ce, "Mu sake!" Wannan kuwa zama ta yi a ƙasan ramin, hawaye na zuba shar-shar, wata siririyar murya na cewa, "Ki taimake ni, kada ki bar ni a nan." Ƙarƙashinta ga wani maɓalli yana ƙyalli: "Sayi kwandon sa'a." Uwar ta bayyana cewa idan ka saya, wataƙila ka sami igiyar fito da ita, wataƙila fure kawai, sai ka sake saye. Da yarinyar ta danna gefe, sai ga wani mutum da baƙin gilashi jingine da mota yana watsa kuɗi sama, yana kiran mutane su zo su gwada sa'arsu a caca.

Sai uwar ta juya kyamara ga kanta ta ce, "Ku dubi sunan wadda ta yi wannan abin. Mace ce fa, mace!" Ta karanto sunana cikakke, har da na Baba.

"Ban zana wannan ba," na ce. "Shiru, ban taɓa zana ta tana kuka ba. Dubi kunnenta, dubi idon. Ba hannuna ba ne."

"Na sani. Wani aka ba ya kwaikwaye ki. Ta makullin kamfanin Manaja aka tura."

"Ke ba ki gani ba?"

"Mu tsohon wasan yake nuna mana. Na gwaji ne a wayoyinmu."

Ta buɗe min saƙon masu kantin. Ba su yi doguwar magana ba. Wasan da aka ce na yara ne ba a saka masa tallan caca, ba a sayar da abin da mai saye bai san me zai samu ba, ba a kuma matsa wa yaro ya saya. Sun sauke shi. Idan ba mu gyara ba kafin ƙarshen mako, za su rufe asusun har abada, kuma mai sunan ba za ta ƙara buɗe wani ba.

Har abada, jama'a. Ni da ban iya wata sana'a ba.

Na yi kuskuren duba abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. "Ɓarauniyar yara." "Allah ya isa." Wani har ya nemo hotona na ranar gama makaranta ya liƙa. Shiru ta rufe laftof ɗin a kan yatsuna.

Ƙamshin turarensa ne ya riga shi hawowa. Manaja ya shigo cikin farar riga mai guga, makullin mota na lilo a yatsa, da ledar lemo mai sanyi a ɗaya hannun. Dogo ne, mai sanyin murya, irin mutumin da ko faɗa yake sai ka zaci lallashi ne.

"Gimbiya, kin yi kuka? Haba. Ƙaramin abu ne."

"Wa ya zana ta?"

"Wani yaro a ofis. Ya ƙoƙarta ko?"

"Ka sa ta kuka."

"Na sa ta ciyar da kanta." Ya ja kujerata ya zauna. "Kin san tun yaushe nake ɗauke da wasan nan? Tallan fensir ko fankar nan ba ya biya. Duk wasan da kika gani yana raye, haka yake yi. Na so in ba ki mamaki ne idan abin ya kankama."

"Ai kuwa na yi mamaki."

Ya yi murmushi kamar na yi raha. "Saurara, mafita a buɗe take. Ki shiga asusun, wajen da ake tambaya ko wasan na su wane ne, ki canza ki ce na manya ne. Shi ke nan. Dokar yara ta faɗi, a mayar da mu kanti kafin gobe."

"Wasan koyon haruffa ne na manya?"

"Akwai manya da ba su iya karatu ba."

Shiru ta yi wani sauti a hanci. Bai ko dube ta ba.

"Yaran da ke da shi a waya fa?" na ce. "Za su ci gaba da ganin mai baƙin gilashi?"

"Iyayensu su kula da su. Mu ba masu raino ba ne."

"Zan cire kwandon, zan cire cacar, in mayar da ita yadda take."

Ya miƙe a hankali, ya gyara hannun rigarsa. "Idan kin cire, na rufe rumbun. Duk yaron da ya kai mataki na nesa ya koma farko, wasan ma ba zai buɗe ba. Ba barazana nake ba, Gimbiya, kasuwanci ne. Na sa hannu da masu tallan nan, ba zan ji kunya a gabansu ba." Ya tura min lemon. "Sha, kin bushe. Ki yi tunani. Ranar Asabar ina so in ga fuskarki a sake."

Yana sauka Shiru ta ce, "Zan iya raba wasan da rumbunsa. Kowane yaro matakinsa ya zauna a wayarsa."

"Kafin Asabar?"

"Idan ban ci abinci ba."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Ba bidiyon ba, Mama ba ta shiga waɗannan wuraren. Manaja ne ya biya ya gaishe ta.

Falonmu ya canza har ban gane shi ba. Sababbin labule masu ruwan toka, matasan kujera da aka aro daga gidan Yaya, kofunan gilashin da ba a taɓa sha da su ba an jera su a tire. Mama na tsaye a kan kujera tana goge hoton Baba na lokacin da yake tuƙa motar asibiti. Shi kuwa Baba yana baranda a kekensa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi magana ta yi masa nauyi, sai ya ga dama yake kashe ƙarfinsa a kanta.

"Auta, zo nan," in ji Mama ba tare da ta juyo ba. "Me ya haɗa ki da yaron nan?"

"Mama, aiki ne."

"Ya ce wani ɗan maɓalli kawai za ki danna kin ƙi."

"Ƙarya yake so in yi."

Ta sauko, tsumma a hannu. "A kan zanen ɓera za ki watsa mana ƙasa a ido?"

"Bushiya ce, Mama."

"Ko giwa ce! Na gaya wa 'yan'uwana, na gaya wa maƙwabta, Gwaggonku ta riga ta kama hanya. Tun da Babanku ya kwanta, wa ya taɓa tsayar da mota a ƙofar gidan nan ya ɗauke shi zuwa gashin ƙashi? 'Yan'uwansa? Yaron nan ne yake ciccibarsa da hannunsa, da farar rigarsa. Irin wannan za ki tsaya kina yi wa gardama?"

Gaskiya ta faɗa. Na sha ganinsa ya durƙusa yana ɗaura wa Baba takalmi. Shi ya sa abin ke cina. Da mugu ne daga sama har ƙasa, da na huta.

"Mama, akwai yarinyar da aka sa ta kuka don a karɓi kuɗin uwarta. Da sunana."

"'Yarki ce?"

"A'a."

"To ki bari ki haifi taki tukuna, sai ki san ta wa za ki ji."

Yaya ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Na ɗauka lallashina za ta yi. Ta zauna a bakin gado tana ninke mayafai.

"Ki danna masa abin nan, a wuce wurin. Bayan an gama komai sai ki gyara a hankali. Namiji ba a ƙure shi a gaban mutane."

"Idan masu kantin suka gane ƙarya ce fa? Bidiyon yana nan, duniya ta ga yarinya ce ke bugawa. Ni za su kora, ba shi ba."

"To sai me? Zai riƙe ki."

"Ba riƙo nake nema ba, Yaya. Aikina nake so."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. "Ke dai kin cika son wahala."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Da safe in tafi wurin aiki in tarar da Shiru a inda na bar ta, kofunan shayi sun kewaye ta. Ni kuma ina goge duk inda baƙon hannun nan ya taɓa, ina mayar da Bushiyata. Na rubuta wa uwar yarinyar doguwar ban haƙuri, ta karanta ba ta amsa ba. Na rubuta wa masu kantin ina roƙon ƙarin lokaci, na'ura ta amsa min da godiya. Wata makaranta da ke amfani da wasan ta aiko cewa sun cire shi daga wayoyin ajinsu. A bayan gida na karanta wannan, na buɗe famfo don kada mai gyaran waya ya ji kukana.

Saƙonnin Manaja kuwa ba su fasa ba.

"Gimbiyata ta ci abinci?"

"Na ga wani agogo ya yi kama da hannunki."

"Kin danna?"

Na rubuta, "Don Allah ka bar ni in gyara. Ina roƙonka. Zan nemo maka wasu masu tallan da kaina, zan zana musu kyauta."

Ya turo hoton fuska mai dariya. "Kin fi kyau idan kina roƙo."

Na daɗe ina kallon wannan saƙon. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Ƙarshe na kifa wayar.

Ranar Juma'a da yamma Shiru ta cire gilashinta ta murza ido. "Ya kusa. Gobe da hantsi zan gama gwaji. Ke kawai za ki shiga ki tura."

Na rungume ta har ta ce in sake ta, ba ta son tarkace.

Asabar gidanmu ya tashi da hayaniya. Gwaggo ta iso da jakunkuna, tana ba kowa umarni. Ana ta jan kujeru, ana fesa turaren ɗaki. Ina fitowa daga wanka Mama ta miƙo hannu.

"Kawo wayar."

"Mama, ina jiran saƙo."

"Yau babu saƙo. Ba za ki zauna gaban mutane kina latse-latse kamar mara tarbiyya ba. Tana ɗakina a caji, idan sun tafi ki ɗauka."

Na lissafa a raina: baƙin da azahar za su zo, kafin la'asar sun tafi, wa'adin kanti bai cika ba sai dare. Zan iya. Na ba ta.

Mai kwalliya ta zaunar da ni gaban madubi ta shiga aikinta. Hoda, ja-gira, wani abu mai sanyi a ƙarƙashin ido don ɓoye kumburi. "Amarya ki daina ƙifta ido," take ta cewa. Yaya ta zuge min zif, ta ɗaura min sarƙarta, ta ja baya tana kallona har idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa wadda na gani a madubin ban san ta ba, kyakkyawa ce dai, amma kamar an zana ta da baƙon hannu.

Muna nan wayar Yaya ta yi ƙara. Ta duba ta yamutsa fuska. "Wannan ƙawar taki mara magana ce. Ina ta samo lambata?"

Na fizge.

"Kin shiga asusun?" in ji Shiru.

"A'a. Wayata tana wurin Mama."

"An canza lambar sirri. An shiga da sunanki an ce wasan na manya ne. An sake tura mai kukan."

"Ta yaya? Sai da lambar da ake turowa wayata..."

Ban ƙarasa ba. Na tattare rigar na yi kicin da gudu, mai kwalliya na kirana. Mama na jera kofuna a tire.

"Mama, wa kika ba lamba?"

Ba ta ɗago ba. "Ya kira ni ya ce wani saƙo zai shigo wayarki, in karanto masa. Ya ce aikin ofis ne, zai sauke miki nauyi ki huta yau."

"Kin karanta masa?"

"A kan fuskar wayar ya fito, na karanta. Laifi ne?" Sai ta dube ni, ta ga fuskata, hannunta ya tsaya. "Auta, na ga ba kya ci, ba kya barci. Na ce idan ya yi da kansa, ai ke ba ki yi ƙarya ba, shi ya yi. Kowa ya huta."

"Da sunana ya yi, Mama. Da sunan Baba."

A daidai nan aka ji tsayuwar motoci a waje, Gwaggo ta leƙo tana raɗa da ƙarfi, "Sun iso! Ku fito da tire!"

Na shige ɗakin Mama na cire wayata daga caji na kulle ƙofa. Saƙonsa na sama: "Na gama miki, Gimbiya. Yanzu ki yi murmushi." Na kira Shiru.

"Me ya rage?"

"Abu ɗaya. Akwai wurin da za ki sanar cewa an shiga asusunki ba da izininki ba. Za su ce ki nuna fuskarki da katinki. Kina turawa za su daskarar da komai, su kori duk na'urar da ta shiga, su aika wa duk kamfanin da ke haɗe da mu."

"Har nasa?"

"Shi ne farko. Za su binciki duk wasannin da yake saka wa talla."

"Bushiya fa?"

"Za ta ɓace har su gama. Wataƙila su dawo da ita. Wataƙila a'a."

"Idan na bari fa?"

"Mai kukan ta koma wayoyin yara kafin magariba. Ranar da aka gane, ke za a kora."

Ta bango ina jin sallama, ana lale marhabin, ana jan kujeru. Na ji muryar mahaifiyarsa, dattijuwa mai kirki da ta taɓa riƙe hannuna ta ce ta yi 'ya. Na ji dariyarsa, ya durƙusa yana gaida Baba. Na zauna a ƙasa a gefen gadon Mama, cikin rigar da ba a yi ta don zaman ƙasa ba. Na zaro katin shaidata daga bayan rigar wayar.

Kada ku zaci jarumta ce. Tsoro ne ya cika ni har wuya. Ina tunanin wa zai ƙara kai Baba gashin ƙashi. Ina tunanin fuskar Mama gobe a gaban maƙwabta. Ina tunanin ni kaina, domin ina son mutumin nan, ko in ce ina son wanda ya manta da shayinsa a teburinmu. Na roƙi Allah ya kawo wata hanya ta uku, ko ƙarama ce. Ba ta zo ba.

Yaya ta buga ƙofa. "Auta! Ana jiranki!"

Wayar ta ce in dubi kyamara. Ta ƙi gane ni saboda kwalliya. Na ja gefen zanen gadon na goge ja-girar da hodar da duk wahalar mai kwalliya, na sake dubawa. Ta gane ni. A wurin da aka tambayi ko na san wanda ya shiga, na rubuta sunan kamfaninsa. Na danna.

Na buɗe ƙofa. Yaya ta kalli fuskata ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Me kika yi wa kanki?" Na wuce ta.

Falon ya cika. Kawunnansa biyu a doguwar kujera, mahaifiyarsa da ƙanwarta a gefe, Gwaggo da Mama a bakin ƙofar kicin, Baba a kekensa an saka masa sabuwar hula. Manaja na zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baba, kansa a sunkuye kamar mai kunya. Na durƙusa gaban mahaifiyarsa na gaishe ta. Ta kamo haɓata.

"'Yata, kuka kika yi? Ai ba yau za mu ɗauke ki ba."

Aka yi dariya. Cikin dariyar wayarsa ta yi ƙara. Ya danne ta. Ta sake yi, sai ɗayar da ke aljihunsa ita ma ta kama. Ya ce a gafarce shi, ya duba. Ina kallonsa yana karantawa. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa ya bushe a wurin. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi min ba, babu Gimbiya a cikinsa ko kaɗan.

"Lafiya?" in ji mahaifiyarsa.

Ya miƙe tsaye. "Ku tambaye ta."

Mama ta ajiye tiren a kan tebur. Ta yi min alama da ido, irin ta uwa, wadda ke cewa ki rufa mana asiri ko da me.

Sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bubbuga hannun kekensa. Kowa ya juya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, babu wanda ya yi ƙarfin halin taya shi.

"Auta," ya ce da ƙyar. "Zo nan... kusa da ni. Ke kuma," ya dubi Mama, "bar ta. Kowa ya zauna. Faɗa mana... tun daga farko."